Ba Wanda Ya Zazzage Buhun

Akwai wata magana da ta zauna daram a bakin samarinmu, daga fadojin Madawa har Buza da Keita, kuma ban ga mai tuhumarta ba. Tambayi yaro me ya sa ya ƙone megan mako guda wajen sauke wani wasa, zai juyo maka da fuskar waya ya ce: "Yaya, dubi, mutum miliyan ɗari suka sauke shi, ga taurari huɗu da rabi. Duk waɗannan ba su da hankali ne?" Mai gidan wasa ma amsarsa ke nan in ya biya aka ɗora masa sabuwar ƙwallo a PlayStation: abin da duniya ke yayi ne. Wato yawan masu saye shi ne shaidar kyau, kuma masu sharhin da suka yaba sun gani da idonsu.

Ni ban yarda ba. Cinikin makon farko kuɗin da aka zuba a talla yake aunawa, ba kyan wasa ba. Yabon da ake karantawa kuwa, da yawansa an tsara yadda zai fito tun kafin mai sharhi ya ɗauki madanni.

Abin da ke ba ni takaici shi ne, mu ya kamata mu riga kowa gane wannan. Nan ƙasar albasa ce. Duk wanda ya taɓa tsayawa a Tunfafi ko Galmi lokacin da ake loda motocin Kumasi da Abijan ya san yadda ake ciniki. Manya masu sheƙi suna sama, a hular buhu, kuma ba ɗan kasuwar da ke biya don ya ga hula. Sai ya nuna buhu ɗaya a tsakiyar jeri ya ce a kwance, a zazzage a ƙasa, ya tsuguna ya matsa wuyan albasa da babban yatsa ya ji ko ta fara ruwa, ya kai hanci ya sansana. Dillali kuma kowa ya san shi, an san la'adarsa, an san aljihun da take fitowa. Amma ɗan manomin nan, da ya koma gida ya ɗauki waya, sai ya sayi buhu a ɗinke, bisa shaidar dillalin da bai taɓa faɗa masa cewa shi dillali ba ne.

Ga abin da ya faru a idon duniya. Kamfanin CD Projekt na ƙasar Poland ya shafe shekaru yana tallan wani wasa mai suna Cyberpunk 2077. A 2019 aka fito da jarumin fim Keanu Reeves kan dandamali a Los Angeles, masu wasa suka rikice. Kafin wasan ya fito ranar 10 ga Disamba 2020, an riga an biya kuɗin kwafi miliyan 8, alhali ba ɗaya cikin masu biyan da ya taɓa shi. Kamfanin da bakinsa ya sanar cewa wannan kuɗin kaɗai ya mayar masa da abin da ya kashe a ƙira da talla. Cinikin biri a sama ke nan, kuma mai biri ya gama cin ribarsa.

Masu sharhi fa? An ba su wasan ƴan kwanaki kafin fitowa, amma na kwamfuta kaɗai. Na PlayStation 4, irin na'urar da ke cikin gidajen wasanmu, ba a ba kowa ba. Aka kuma hana su nuna bidiyon da suka ɗauka da kansu, sai wanda kamfani ya tace ya miƙa musu. Maki ya fito wajen 90 bisa 100. Da mai PS4 ya kunna nasa, sai ga mutane suna nutsewa cikin ƙasa, motoci suna tashi sama, hoto yana daskarewa, wasa yana mutuwa a tsakiyar faɗa. Bayan mako guda Sony, mai PlayStation, ta cire shi daga shagonta ta ce za ta mayar wa mutane kuɗinsu, bai koma ba sai Yunin 2021. Duk da haka, cikin kwana goma na farko an sayar da kwafi sama da miliyan 13. To miliyan 13 ɗin nan shaidar me suke bayarwa? Ban ce masu sharhin sun yi ƙarya ba. Hula aka nuna musu, suka faɗi gaskiya game da hula.

Wanda ya matsa sai ya ga ƙasan buhu kuwa, akwai abin da ke jiransa. A Nuwamban 2007 mujallar GameSpot ta Amurka ta sallami editanta Jeff Gerstmann bayan ya ba wasan Kane & Lynch maki 6 bisa 10, a daidai lokacin da tallan wasan ya lulluɓe shafin mujallar. Sai a 2012 ya samu damar faɗa a fili cewa barazanar janye talla ce ta ci aikinsa. Ba sai an kori mutum goma ba. An kori ɗaya, sauran sun ji. A 2016 kuma hukumar kula da ciniki ta Amurka ta kama kamfanin Warner Bros. da biyan masu bidiyo a YouTube, har da PewDiePie, don su yabi wasan Shadow of Mordor, da sharaɗin kada su nuna wani aibi nasa. An kalli bidiyon sama da sau miliyan 5. Bayanin cewa an biya, a yawancinsu an tura shi can ƙasa inda sai ka latsa kafin ka gani. In baki ya ci, ido kan ji kunya, kuma ba lallai sai tsabar kuɗi ba: wasa kyauta kafin kowa, tikitin jirgi, gayyata, duk ci ne.

Amma abin da ya fi tayar mini da hankali ba kamfani ke yin sa ba, mai saye ne. Lokacin da Kallie Plagge ta GameSpot ta ba Cyberpunk maki 7, ta kuma lissafa kurakuransa, zagi da barazana suka yi mata ruwa daga mutanen da ko kunna wasan ba su yi ba, don bai ma fito ba tukuna. Sun riga sun biya, sun riga sun yi alfahari gaban abokai, saboda haka duk wanda ya ce akwai aibi ya taɓa mutuncinsu. Talla in ta nuna, mai saye take mayarwa ɗan dogarin mai kaya. Je ka fada ka ce wasan da suke yayi ba shi da daɗi, za ka ga irin wannan da idonka.

Na san abin da za a ce mini. Za a ce wannan rigimar Turawa ce, masu sayen wasa dala sittin ta Amurka. Mu nan kyauta muke saukewa, ko a tura mana ta Xender, me muka yi hasara? Wannan ita ce maganar da ta fi cutar da mu, domin banza ba ta kai zomo kasuwa.

Ɗauki ƙwallo, tun da ita ce abincin gidajen wasanmu. Ranar 30 ga Satumba 2021 kamfanin Konami ya maye gurbin wasansa PES da eFootball 2022, kyauta, da hoton Messi a gaba. Abin da ya fito ya zama abin dariya: fuskokin ƴan wasa a karkace, gudu kamar na ƴar tsana, ƙungiyoyi ƴan ƙalilan. Ya zama wasan da ya fi kowane samun mummunan maki a shagon Steam a lokacin, har kamfanin ya nemi gafara, ya kuma mayar da kuɗin wani ƙunshin ƴan wasa da ya riga ya sayar tun kafin a gani. A shekarar dai kamfanin EA ya cika duniya da tallan sabuwar fasahar motsi a FIFA 22, alhali fasahar ba ta cikin na PS4. Yaro ya kalli talla a waya, ya zo ya tsaya kan mai gidan wasa: "Babban yaya, ba ka sa sabuwar ba? Can layin tasha sun sa." Bawan Allah ya biya a ɗora masa, don kada yara su watse, ya sayi abin da na'urarsa ba za ta taɓa nunawa ba. Kuma sunan PES tun daga na 2021 aka daina shi. Duk wani "PES 2024" da aka sa maka a PS3 ko a waya, tsohon wasa ne aka canja wa riguna da sunaye.

A waya abin ya fi muni. Kowa ya san tallan nan da ke faɗo maka a tsakiyar bidiyo, na mutum a tarko, ga ruwa ga wuta, ana so ka zare ƙarfe ka cece shi. Ka sauke, ka tarar da wasan jera alewa. A 2020 hukumar sa ido kan talla ta Ingila ta hana kamfanin Playrix irin wannan tallan na Homescapes da Gardenscapes, saboda abin da ake nunawa ɗan kaɗan ne ƙwarai cikin wasan. Wanda ya sauke ya goge a Ibohamane, megansa ya tafi, kuma an lissafa shi cikin miliyan ɗarin da za a nuna wa na Tamaske gobe. Ba mai cire sunan wanda ya goge daga lissafi. Taurarin ma duba lokacin da ake roƙonka su: daidai sa'ad da ka ci nasara, zuciyarka fari, ba bayan wata uku da ka gane sai da kuɗi ake wuce mataki ba.

Sai Free Fire na kamfanin Garena, wanda ya kama samarinmu saboda yana tashi a ƙaramar Itel ko Tecno. Ba na musun daɗinsa. Amma a Disamban 2020 aka shigo da Cristiano Ronaldo cikinsa da sunan Chrono, da ƙarfin da ya sa kowa ke son mallakarsa, yara suka yi ta neman lu'ulu'un cikin wasan don su saye shi. Daga baya aka rage masa ƙarfi. Lu'ulu'un nan da kuɗi ake sayensa, kuma a garuruwanmu na ƴan ci-rani mun san inda kuɗin ke fitowa: jika biyu, jika biyar, daga abin da yaya ya turo ta Nita ko Amana daga Abijan ko Libiya don a sayi hatsi. Mai bidiyon da ke ihu yana buɗe akwati bayan akwati har ya samu bindigar zinariya, da yawan irinsa kamfanin ne ke ba su lu'ulu'u a tsarinsa na abokan hulɗa. Shi bai yi hasarar komai ba. Ƙasar Beljiyam tun 2018 ta ɗauki irin waɗannan akwatunan sa'a da ake saye da kuɗi a matsayin caca.

Malamanmu ba baƙi ba ne ga wannan al'amari. A babin ciniki akwai najashi, wanda haninsa ya zo tun a Muwaɗɗa ta Imamu Malik: mutum ya tsaya gaban kaya yana ƙara farashi alhali ba shi da niyyar saye, don wani ya ruɗu ya afka. Mai yabon da aka biya a ɓoye da mai sayar da taurarin ƙarya, aikinsu ke nan ba ragi. Amurka sai a 2024 ta kafa doka ta musamman da ke cin tarar masu saye da sayar da sharhin ƙarya. Mu da muka gaji hukuncin tun ƙarni da ƙarni, mun bar shi a kasuwar dabbobi, ba mu shigo da shi cikin waya ba.

Gaskiya ne Cyberpunk ya gyaru, zuwa 2023 ya zama wasa mai kyau, eFootball ma ya samu sauƙi. Wannan ba ya wanke kowa. Wanda ya biya a 2020 kuɗin kammalallen kaya ya biya, aka ba shi rabi, aka yi gyaran da kuɗinsa. Kuma Bature yana da inda zai kai kuka: a Steam, in bai buga awa biyu ba cikin kwana 14, ana mayar masa da kuɗi. Yaron Karofane da ya kai wayarsa wurin mai caji, ya jira dare don intanet ya yi sauƙi, ya ƙarar da megansa, wa zai mayar masa?

Da dattawan da ke cewa a hana wasan gaba ɗaya ma ban yarda ba. Ba zai hanu ba, kuma yaron da ke gidan wasa da rani ya fi mini wanda ke bayan tasha. Abin da muka rasa shi ne mai zazzage buhu da harshenmu. Kusan duk sharhin da yaranmu ke kallo da Faransanci yake ko Turanci, daga mutanen da ke riƙe da waya mai tsadar babur, a ɗakin da wuta ba ta ɗaukewa. Ko da mai gaskiya ne, gaskiyarsa ba ta wayarka ba ce.

Muna da samari a Madawa da Tawa da Maraɗi masu dubban mabiya a TikTok, sun iya magana, sun iya wasa. Su nake kira. Ka buga wasan mako biyu kafin ka buɗe baki. Ka nuna wayar da ka buga da ita, ka faɗi megan da ya ci wajen saukewa da wanda yake ci kullum, ko wayar tana zafi, ko batir yana kai la'asar, da matakin da aka fara neman kuɗi. Ka nuna hoton da ka ɗauka da hannunka, har da inda ya daskare. In kuma kamfani ko mai sayar da lu'ulu'u ya ba ka wani abu, komai ƙanƙantarsa, ka faɗa da bakinka a farkon bidiyo, da Hausa, kafin ka ce wa ƙannenka su sauke.