Martani: A Bar Yaro Ya Riƙe Fensirinsa

Malam ya rubuta a jarida cewa kada a wahalar da ɗan aji ɗaya da rubutu sai bakinsa ya faɗa da karatu. Allah ya ƙara ilimi, Malam, amma a nan an yi tuya an manta da albasa.

Yaron da ke rera shafi bayan malaminsa sau da yawa hadda yake yi, idonsa na kan taga. Yi masa shifta ka gani. Ka ce "ƙafa" ya rubuta "kafa", ka ce "ɓari" ya rubuta "bari". Sai hannu ya zana ƙugiyar nan kafin ido ya saba neman ta.

Kuma aikin ba ya buƙatar kuɗi. A karanta musu tatsuniyar Gizo, kowa ya rubuta jimla ɗaya kan abin da Ƙoƙi za ta ce, su yi musayar littattafai, kowa ya karanta na ɗan'uwansa da ƙarfi. 'Yan aji biyar kuwa, a ba su labari daga Magana Jari Ce na Abubakar Imam, su sauya masa ƙarshe.

Kurakurai za su yi yawa, ba musu. Gyaransu ne aikin da aka ɗauke mu mu yi, Malam.