Idan Sabis Ya Ɗauke, Wa Ya San Ƙofar Gidanka?



Yawancinmu muna cikin guruf biyar ko shida a WhatsApp: na zumuntar matasa, na mawaƙa, na tsofaffin ɗalibai, na masoya ƙwallo. Wasu kuma suna da abokan wasa a Free Fire ko PUBG waɗanda suke raba dare tare. Tambayarmu ita ce: a cikin mutanen nan, su nawa ne za su iya zuwa gidanka ba tare da sun kira ka ba?

Mu mutanen Zamfara mun taɓa ganin amsar da idonmu. A ranar 3 ga Satumba 2021, kwana biyu bayan sace ɗalibai a Kaya ta Maradun, hukumar sadarwa ta NCC ta umarci kamfanonin waya su rufe layuka a duk faɗin jihar, bisa roƙon gwamnatin Bello Matawalle, domin yaƙi da 'yan bindiga. Da farko mako biyu aka ce. Gusau ta samu sabis a farkon Oktoba, amma Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi suka ci gaba da jira har makonni bayan haka. Ba kira, ba saƙo, mai POS ya rufe rumfarsa, kasuwannin mako ma an dakatar da su.

A lokacin nan kowane guruf ya yi tsit. Zumuncin da ya rage shi ne na ƙafa. Wanda aka san gidansa, an leƙa shi da ba a gan shi a sujada ba. Wanda lambarsa kaɗai aka sani, sai dai a yi ta tambaya a bakin hanya.

Ba muna cewa waya abar gudu ba ce. Ɗalibin da ke Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Ƙaura, da iyalin da rashin tsaro ya raba da ƙauyensu, ta waya suke jin muryar juna a ranar da hanya ba ta biyuwa. Wasan waya ma ba zunubi ba ne; hutu ne bayan gajiya. Hukumar Lafiya ta Duniya, da ta sanya jarabar wasan bidiyo cikin jerin cututtuka a 2019, ba yawan awoyi ta ƙirga ba. Ta duba ne ko mutum ya kasa tsayar da kansa, ko wasan ya ture sauran al'amuran rayuwarsa, ko kuma ya ci gaba da yi duk da ɓarnar da yake gani. Ma'auni ne mai kyau, har ga zaman guruf: me ya ture?

Sau da yawa abin da yake turewa shi ne ziyara. Mukan tura hoton hannaye biyu na addu'a ga mai zaman makoki, mu ɗauka mun yi gaisuwa, alhali gidan bai fi tafiyar minti goma ba. Yakan ture shirin ko-ta-kwana ma. A inda wutar lantarki ba ta zama, cajin da wasa ya cinye da yamma shi ne wanda za a nema da tsakar dare idan wani abu ya taso.

Don haka ga shawararmu ga kowace zumunta. Kowa ya zaɓi mutum uku daga guruf ɗinsu, ya san gidajensu da iyayensu, ya rubuta lambobinsu a takarda. Wanda ya yi shiru mako guda, a taka a je, muddin hanya lafiya. A tsayar da wurin da za a riƙa barin saƙo idan layi ya katse. Kuma a rufe wasa tun da sauran caji.

Ba mu ne ke da makullin sabis ba, 'yan'uwa. Wanda ya rufe shi jiya zai iya rufewa gobe. Amma sanin ƙofar ɗan'uwa yana hannunmu, kuma a makon nan za mu iya farawa. Allah ya ba mu zaman lafiya. Amin.