Jarumin zane a N'Djamena ya cancanci lifidin Bagirmi

Matashin da ya zauna a N'Djamena da fensir ko kwamfuta zai zana jarumin labarinsa, sau da yawa hannunsa kan tafi ga abin da ya saba gani a fina-finai da wasannin waya: barden Turai cikin ƙarfe daga kai har ƙafa, ko samurai na Japan. Ba laifi ba ne, amma tuya ce aka yi aka manta da albasa. A rana irin ta watan Afrilu a bakin kogin Shari, wanda aka rufe cikin wannan ƙarfe ai kafin abokin gaba ya iso zafi ya gama da shi.

Yankin nan yana da nasa kayan yaƙin. A 1823 Baturen Ingila Dixon Denham ya isa Kukawa, birnin Shehu Laminu, ya tarar da dakarun Shehun sanye da sulke daga wuya zuwa gwiwa, kawunan dawakansu an kare su da farantan ƙarfe da tagulla. A littafin tafiyarsa da ya fito a 1826 akwai zanen wani mai mashi na Sarkin Bagirmi, shi da dokinsa duk cikin lifidi. Masarautar Bagirmi, mai hedikwata a Massenya, tana kudu maso gabas da N'Djamena. A ƙasar Hausa kuwa, Tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki wajen 1390 zuwa 1410, shi ya fara shigo da lifidi da kwalkwali da sulke.

Lifidin nan shi ya fi cancantar a tsaya a kansa. Yadi ne ake cusa wa auduga, a bi shi da ɗinki layi-layi har ya yi kauri, kibiya mai dafi ta maƙale a ciki ba ta taɓa fata ba. Na doki yakan sauko har kusa da ƙafafu, sau da yawa da gutsattsarin yadi kala-kala. Yana da nauyi ƙwarai, ɗan lifida sai an taimaka masa yake hawa, idan kuma ya faɗo tashi sai da ƙyar. Babban abokin gabansa wuta ce. To ga jarumi da ƙarfinsa da lagonsa, duk a jikin riga ɗaya. Mai zane ba zai sha wahalar ƙirƙiro komai ba. Tafiyar ɗan lifida ma dole ta bambanta da ta ɗan sulke, wanda zobban rigarsa ke bin jiki suna ƙara.

Bindiga ce ta rage wa waɗannan kaya daraja a fagen fama. Yaƙin Kusseri na 22 ga Afrilu 1900, inda kwamandan Faransa Lamy da abokin gabarsa Rabeh suka mutu, da bindigogi aka gwabza shi a tsallaken kogi kawai, kuma daga nan aka kafa Fort-Lamy, garin da ya koma N'Djamena a 1973.

Kayan dai ba su ɓace ba. 'Yan lifida da 'yan sulke suna fitowa a hawan sallah a Kano da Katsina da Zariya, kwalkwalinsu da gashin jimina. Mai zanen da ke son jarumin da ba a taɓa gani ba a kasuwar duniya, ya je can da takardarsa ya duba yadda ɗinkin ya tafi da inda aka ɗaure igiya, sannan ya dawo gida ya zana.