Waiwaye: Lissafin Ohm da Wayar da ke Ɗaukar Zafi

A 1827 wani malamin makaranta Bajamushe, Georg Ohm, ya fitar da littafin da ya ce ƙarfin wutar da ke gudana a waya shi ne bolt a raba da turjiya. Masanan ƙasarsa suka yi kunnen uwar shegu da shi. Sai a 1841 ƙungiyar masana ta Royal Society a Landan ta ba shi lambar yabo ta Copley. Yau da sunansa, om, ake auna turjiya.

A aji, ɗalibai ba sa wahala da haɗin jere. Rizista biyu masu om 100, ɗaya na bin ɗaya, sun zama om 200, kuma wuta ɗaya ce ke ratsa su. Idan guda ta ƙone, komai ya tsaya.

Haɗin reshe ne ke rikita kai. Ka ɗauki rizistocin nan biyu ka ɗaura su kafaɗa da kafaɗa, sai turjiya ta sauko zuwa om 50. An ƙara kaya amma turjiya ta ragu! Dalili kuwa, kamar kasuwa ce aka buɗe wa ƙofa ta biyu: jama'ar da ke shiga ƙaruwa za su yi. Malamai da yawa sukan rubuta ƙa'idar a allo a haddace, a ci jarrabawa, a manta. A ganina nan aka yi asara, domin wayoyin gidajenmu duk haɗin reshe ne. Shi ya sa idan kwan falo ya mutu, firji bai san an yi ba.

Dubi soket mai baki huɗu da ake ja da doguwar waya zuwa ɗaki. Wutarmu bolt 230 ce. Dutsen guga mai wat 1000 turjiyarsa wajen om 53, yana jan amfiya huɗu da 'yan kai. Uwargida ta jona hitar ruwa mai wat 2000, om 26. Su biyun a haɗe sun koma wajen om 18, wuta ta haura amfiya 13, iyakar abin da fis ɗin filogi mai ƙafa uku ke ɗauka.

To, sau da yawa fis ɗin ya daɗe da ƙonewa, an naɗe gurbinsa da zaren waya don "a samu a lallaɓa". Duk amfiya 13 ɗin nan ta siririyar wayar da ke ƙarƙashin leda za su bi, kuma zafin waya yakan ninka sau huɗu duk lokacin da wutar ta ninka sau biyu.