Kafin Mu Yi Wa Masu Tara 'Yan Tsanar Star Wars Dariya

Maudu'inmu na wannan mako zai sosa wa wasu rai, amma gaskiya ɗaya ce.

Duk ranar da aka ɗora labarin baturen da ya zuba dukiya ya sayi 'yar tsanar roba, sai ka ga mun cika wurin sharhi da dariya: "Ba su da aikin yi." To, bari mu duba abin da muke yi wa dariyar.

A 1977 aka fitar da fim ɗin Star Wars a Amurka. Daga 1978 zuwa 1985 kamfanin Kenner ya riƙa ƙera 'yan tsanar jaruman fim ɗin, kowacce ba ta fi tsawon yatsa ba sosai. Yaran da suka yi wasa da su sun girma, suka adana su har da kwalayensu, suka rubuta wacce ta fito a wace shekara. A 2024 aka yi gwanjon wani samfurin Boba Fett da ba a taɓa kai shi kasuwa ba, ya haura dala miliyan 1. Kamfanin Hasbro kuwa tun 2019 yake sake ƙera sababbi da siffar tsofaffin, domin ya gane cewa mutum zai biya kuɗi ya sayi ƙuruciyarsa.

Robar nan ba zinariya ba ce. Adanawa da rubuta tarihi ne suka ba ta daraja.

Mu kuma fa? Wanda duk ya tashi a Rano, ko Rurum, ko Kibiya ya san yadda kaka take. Da an yanke dawa, yaro zai samo kara, ya ɓare shi, ya yanka totuwar, ya harhaɗa babbar mota har da ƙofa mai buɗewa, ya yi mata taya da sakaina ko tsohon silifas. Ga motar langa-langa, ga shanun laka, ga 'yar tsanar ƙashi da ake yi wa kitso da zani. Ba kamfani, ba takardar zane, kai da hannu ne kawai.

Yau wa ke da ko guda ɗaya a ajiye? Wa ke da hotonta? Mun bar su gara ta cinye, muka koma saya wa 'ya'yanmu robar gwanjo da wasu suka gama wasa da ita. Laifi tudu ne, mun take namu muna hango na wani.

Wani zai ce ana fama da tsadar taki, wa ke ta kayan wasa? Ai wannan adanawar ba ta cin ko kwabo. Kara kyauta ne, waya tana aljihun kowa. Abin da ke ƙarewa shi ne masu iyawar, kuma in sun tafi babu kamfanin da zai sake ƙera mana su.

Rano tana cikin Hausa Bakwai, kullum muna tutiya da haka. Tutiya ba ta ajiye tarihi. Don haka bana da kaka, kowa ya nemi gwanin motar kara na unguwarsu, ya zaunar da shi gaban yara, ya ɗauki bidiyo tun daga ɓarar kara har motar ta tashi, ya ɗora mana a nan tare da sunan garin. Malaman firamare, ku ware kwana guda ku sa gasa, ku ajiye waɗanda suka yi fice a makaranta.

Bayan nan, mai son dariya ya yi.