Kemistiri a Sauƙaƙe: Daidaita Ikweshon

Yau za mu taɓa daidaita ikweshon, abin da da wuya takardar kemistiri ta WAEC ko NECO ta zo babu shi. Wanda ya rasa shi, lissafin da ke biye ma ya tafi.

Tushen aikin ƙa'ida ɗaya ce, wadda masanin Faransa Antoine Lavoisier ya bayyana a littafinsa na 1789: idan sinadarai suka haɗu suka canza, babu abin da ke ɓacewa, babu abin da ke ƙaruwa. Ƙwayoyin zarra wuri kawai suke sauyawa. Don haka adadinsu a hagu dole ya zo daidai da na dama.

Ga misali a gida. A masana'antar siminti ta Kalambaina, nan Sakkwato, ana gasa dutsen farar ƙasa: CaCO₃ → CaO + CO₂. Ku ƙirga: kalsiyam 1 da 1, kabon 1 da 1, oksijin 3 da 3. Wannan a daidaice yake. Kilo 100 na tsantsar dutsen yana ba da kilo 56 na CaO, sauran 44 kuwa sun tashi a iskar CO₂.

Yanzu ga mai neman gyara. A tukunyar gas ta mai shayi a Unguwar Rogo akwai furofen, kuma haka yake ƙonewa: C₃H₈ + O₂ → CO₂ + H₂O.

Ku fara da kabon. Akwai 3 a hagu, sai ku sa 3 gaban CO₂. Haidirojin 8 ne, kowane H₂O yana ɗauke da 2, sai ku sa 4 gabansa. Oksijin ku bar shi ƙarshe, domin shi kaɗai yake tsaye a hagu. A dama akwai 6 daga 3CO₂ da 4 daga 4H₂O, jimla 10, wato 5O₂. Amsa: C₃H₈ + 5O₂ → 3CO₂ + 4H₂O. Kafin ku wuce, ku sake ƙirgawa.

Abin da ke kayar da ɗalibai shi ne taɓa ƙananan lambobin da ke ƙasa. Lambar gaba kaɗai aka yarda ku canza. Ƙaramar lamba ita ke faɗin ko wane sinadari ne. Ku duba gawayi: da isasshiyar iska, C + O₂ → CO₂. Idan iska ta yi ƙaranci, 2C + O₂ → 2CO. Oksijin ɗaya ne tsakaninsu, amma CO guba ce marar launi, marar wari, tana hana jini ɗaukar oksijin. Shi ya sa kwana da kaskon gawayi a rufaffen ɗaki lokacin hunturu, ko kunna janareta a cikin ɗaki, ke kashe mutane cikin barci. Ku isar da wannan a gida.

Aikin mako: ku daidaita tsatsar ƙarfe, Fe + O₂ → Fe₂O₃, da ƙonewar butan, C₄H₁₀ + O₂ → CO₂ + H₂O. A na biyun oksijin zai ba ku 6 da rabi. Kada ku firgita, ku ninka dukan lambobin gaba sau 2.

Amsa sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.