Mu Rage Kuka da Indiya, Mu Nemi Namu

Kusan duk taron da muka yi sai wani ya miƙe ya la'anci finafinan Indiya, wai su suka ɓata alƙalamin matasanmu. To, mun ji. Amma a cikin masu wannan kumfar baki, mutum nawa ya taɓa zama ya kalli Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa? Fim ɗin ya daɗe yashe a Legas yana shan ƙura, kafin a gyara shi a nuna a Jamus a 2018. Wato Jamusawa sun riga yawancinmu gani. Kaico!

Ga Sarraounia na Med Hondo, 1986, daga littafin Abdoulaye Mamani na Nijar, labarin sarauniyar Lugu da ta ja daga da sojojin Faransa a 1899. Sannan a nemi Mandabi, 1968, na Sembene ɗan Senigal, marubuci ne irinmu. An aiko wa talaka kuɗi daga Faransa ta gidan waya, rashin katin shaida ya hana shi karɓa, masu neman rance kuwa tuni sun cika masa ƙofar gida. Babu rawa a lambu, amma muna ƙalubalantar kowa ya iya tashi kafin ya ƙare.